Ma'anar "harafin basiti" da rigimar da ke bin sa a makarantun Amurka

Harafin basiti wani ƙyalle ne mai kauri da ake yankawa a siffar harafin farko na sunan makaranta, a ba ɗalibin sakandare a Amurka idan ya wakilci makarantarsa a wasa kuma ya cika sharuɗɗan da aka gindaya. Ya ɗan fi tafin hannun babba girma, samansa da laushi kamar tawul, launinsa kuma na makarantar ne. Ana ɗinka shi a ƙirjin hagu na wata jaket mai jikin ulu da hannuwan fata. Wanda ya saba kallon finafinan Amurka ya sha ganin samari da ita a harabar makaranta, ko da bai san abin da take nufi ba.

Basiti ita ce ƙungiyar farko ta makaranta, wadda ke fita ta kara da sauran makarantu a gasar da hukumar wasannin jiha ta amince da ita. A ƙasanta akwai ƙungiya ta biyu, ta ƙanana da masu tasowa, kuma a al'ada su ba sa samun harafin. Abin ya faro ne daga jami'ar Harvard a 1865, lokacin da 'yan wasan besbol suka ɗinka harafin H a rigunansu. Daga nan sauran jami'o'i suka ɗauka, sannan ya gangaro sakandare, inda ya fi yin ƙarfi a yau.

Babu wata doka ta ƙasa da ta ce ga wanda za a ba. Kowace makaranta, wani lokaci ma kowane koci, shi ke yanke nasa sharaɗin. A ƙwallon kwando za a iya cewa sai ka buga wani kaso na wasannin kakar. A tsere ko ninƙaya, sai ka kawo wa makaranta adadin maki kaza, ko ka cim ma wani lokaci da aka ƙayyade. Kusan ko'ina ana haɗawa da zuwa atisaye a kan kari, da kyawun hali, da kada karatu ya faɗi ƙasa. Abin lura a nan, kuma zan sake komawa kansa, shi ne makarantu da yawa sun daɗe suna ba da harafin ga waɗanda ba 'yan wasa ba: 'yan badujalar makaranta, 'yan muhawara, masu hazaƙar karatu, har da ɗalibin da aikinsa shi ne ɗaukar ruwa da ƙwallaye da rubuta maki a gefen fili.

Ita jaket ɗin ba kyauta ba ce, iyaye ne ke saya, kuma kamfanonin da ke ɗinka ta suna sayar da haruffan ma. Sha'anin kamar rawanin sarauta ne. Yadin yana kasuwa, kowa da kuɗinsa zai iya saya, amma naɗin sai fada. Darajar harafin tana wurin wanda ya ba ka da dalilin da ya sa ya ba ka.

A kan wannan gaɓar ce rigima ta tashi a watan Maris na 2015, a wata sakandare mai suna East da ke birnin Wichita, jihar Kansas. Wani ɗalibi mai lalurar Down da ta otizim, lalurori biyu da ke shafar koyo da mu'amala da mutane, yana buga wa makarantar ƙwallon kwando a ƙungiyar ɗalibai masu buƙata ta musamman. Mahaifiyarsa ta sayi harafin makarantar ta ɗinka masa a jaket, ya riƙa zuwa da ita. Sai aka ce masa ya cire. Hujjar shugaban makarantar ita ce gasar da yaron ke bugawa ba ta kai matsayin basiti ba, don haka harafin bai dace da shi ba. Labarin ya fita daga Wichita ya zagaye ƙasar, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke ta intanet, hukumar makarantun birnin ta ga dole ta sake duba ƙa'idarta.

Masu goyon bayan makarantar ba mugayen mutane ba ne, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yaron da ya shekara uku yana tashi da duku-duku zuwa atisaye, aka tankaɗe shi a zaɓe sau biyu kafin ya samu shiga ƙungiyar farko, yana da haƙƙin a bar wa harafinsa nauyinsa. Akwai kuma ɗalibai lafiyayyu da yawa da suka yi iya ƙoƙarinsu suka gama makaranta a ƙungiya ta biyu, ba su samu komai ba. In za a ba wani don tausayi, me za a ce wa waɗannan? Na yarda da su a kan abu ɗaya: harafin da uwa ta sayo ba shi ne harafin da makaranta ta bayar ba.

Inda na rabu da su shi ne tambayar da suka tsallake. Shin akwai wata hanya, ko da ɗaya, da wannan yaron zai bi ya samu harafin da guminsa? A lokacin babu. Yana sa rigar makarantar, yana atisaye, yana karawa da wasu makarantu da sunanta, amma tun kafin ya taɓa ƙwallo an riga an yanke cewa komai ƙoƙarinsa ba zai kai ba. Ɗan ƙungiya ta biyu aƙalla yana da baɗi, yana iya hawa. Shi wannan ƙofarsa a toshe take. Kuma makarantar da ta iya samar wa mai busa ƙaho da mai ɗaukar ruwa ma'aunin da ya dace da aikinsu ba za ta ce ta rasa dabarar samar wa wannan ɗan wasan nasa ma'aunin ba.

Ba ƙananan mutane ake magana a kansu ba. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, yara kusan miliyan 7.5 ne, wato kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati a Amurka, ke samun tallafin ilimi na musamman a ƙarƙashin dokar tarayya. Dokoki kuwa sun daɗe a rubuce. Sashe na 504 na wata dokar tarayya ta 1973 ya haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda naƙasa, sannan dokar naƙasassun Amurka ta 1990 ta ƙara faɗaɗa kariyar. Duk da haka, a 2010 ofishin binciken majalisar dokokin ƙasar ya gano cewa waɗannan ɗalibai suna shiga wasannin makaranta ƙasa da sauran. A watan Janairun 2013, zamanin da Arne Duncan ke ministan ilimi, ma'aikatar ta aika wa makarantu takardar bayani a kan abin da doka ke nema daga gare su.

Takardar ta kawo misalai masu sauƙin fahimta. Kurma mai gudu, a haɗa masa alamar da zai gani da ido lokacin da aka harba bindigar tashi. Mai ninƙaya mai hannu ɗaya, a ɗage masa sharaɗin taɓa bango da hannu biyu a ƙarshen tsere. Ta kuma fito fili ta ce ba a tilasta wa koci ya ɗauki wanda bai kai ba, kuma ba a neman gyaran da zai sauya ainihin wasan ko ya ba wani fifiko a kan abokan karawarsa. Ga ɗaliban da ko da gyara ba za su iya shiga ƙungiyar da ake da ita ba, ta ƙarfafa wa makarantu gwiwa su buɗe musu nasu wasannin. Batun lambar yabo dai ya ci gaba da zama a hannun jihohi da makarantu, shi ya sa shekara biyu bayan takardar aka samu abin da ya faru a Wichita.

Wadda ta fi kowa nuna zurfin matsalar ita ce Tatyana McFadden. An haife ta a Rasha a 1989 da lalurar ƙashin baya, ta yi shekarunta shida na farko a gidan marayu tana tafiya da hannuwanta, kafin wata Ba'amurkiya ta ɗauke ta riƙo. Tana da shekara 15 ta ci lambar azurfa da ta tagulla a gasar naƙasassu ta duniya da aka yi a Girka a 2004. Ta dawo sakandarenta ta Atholton a jihar Maryland, sai aka ce ba za ta yi tsere tare da sauran ɗalibai ba. A dakatar da komai, ta zagaya fili a kekenta ita kaɗai, jama'a na kallo. Yarinyar da duniya ta tafa wa, a makarantarta ta koma abin nuni. Ta kai ƙara, a 2006 alƙalin tarayya ya ba ta damar yin tsere a lokaci guda da abokanta. Da ta sake komawa kotu a 2007 tana neman a riƙa lissafa makinta a cikin na makarantar a gasar jiha, ba ta yi nasara ba, saboda masu tseren keke sun yi kaɗan a jihar. Amma fafutukarta ce ta haifar da dokar da Maryland ta yi a 2008, wadda ta wajabta wa makarantun jihar ba ɗalibai masu naƙasa damar wasa daidai da kowa. Ita kuwa a 2013 ta lashe gudun dogon zango na Boston da Landan da Chicago da New York, duk a shekara ɗaya.

Maganar maki ɗin nan ta fi ta harafi tsauri, domin nan ne ake gane ko makaranta ta ɗauki ɗalibi ɗan wasanta ne ko baƙon da ake karramawa. Idan nasararsa ba ta ƙara wa ƙungiya komai, faɗuwarsa ma ba ta rage mata komai, to babu abokin da zai tsaya a bakin fili yana masa ihu don kansa ma yana da abin samu.

Akwai wuraren da suka warware wannan tun da daɗewa ba tare da hayaniya ba. Tun 1992 hukumar wasannin sakandare ta jihar Minnesota ta karɓi wasannin ɗalibai masu naƙasa a matsayin gasa ta hukuma, kuma ita ce ta farko a ƙasar. Akwai rukunin masu naƙasar jiki, akwai na masu naƙasar fahimta, ana buga ƙwallon ƙafa da hoki a cikin ɗakin wasa, da alƙalai da jadawali da gasar cin kofin jiha. Da zarar gasa ta zama ta hukuma, ba a ma tambayar ko ta cancanci harafi. Hanya ta biyu ta fito ne daga Special Olympics, ƙungiyar wasannin masu naƙasar fahimta, wadda Eunice Kennedy Shriver ta fara gasarta a Chicago a 1968. A ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar ta ɓullo da wasannin haɗaka, inda masu naƙasar fahimta da waɗanda ba su da ita ke zama ƙungiya ɗaya. A ƙwallon kwando, uku daga cikin biyar da ke fili masu naƙasa ne, biyu kuma abokan wasansu ne, kuma ƙa'ida ta hana abokan su mamaye wasan. Jihohi da dama yanzu suna da kofin jiha na wannan rukuni.

Abin da nake tsoro shi ne ɗaya gefen, wato yabo na tausayi. Ana yawan yaɗa bidiyon irin wannan: saura minti biyu a tashi wasan ƙarshe na kaka, a sa yaro mai lalura, abokan hamayya su buɗe masa hanya, ya jefa ƙwallo, ɗaki ya kaure da tafi. Niyyar mai kyau ce, kuma farin cikin yaron na gaske ne. Amma minti biyu a shekara huɗu ba shiga wasa ba ne. Yawancin waɗannan ɗalibai sun san bambancin abin da suka ci da abin da aka bar musu, kuma iyayensu sun fi kowa sani. Harafin da aka raba wa kowa don kada a ji haushi zai rasa nauyi a ƙirjin mai naƙasa kafin ya rasa a ƙirjin kowa.

Don haka in aka ce adalci a wannan fage, abin da masu fafutukar haƙƙin ɗalibai masu naƙasa ke nufi ya fi ƙarfin "a ba shi kawai". Suna nufin a rubuta sharaɗi tun farkon kaka, kowa ya sani: kaso nawa na atisaye, wasa nawa, wane hali ake nema. Wanda ya cika ya samu, wanda bai cika ba ya jira baɗi, mai naƙasa ne ko lafiyayye. Suna kuma nufin harafin ya zama iri ɗaya, a bayar da shi a taro ɗaya, a kira sunan yaron a jerin sunayen sauran. Wasu makarantu sun gwada ba da harafi mai wata siffa ko wani launi dabam, iyaye da yawa ba su so ba, domin daga nesa ma ana gane cewa na wannan ba irin na sauran ba ne. Idan ana son a nuna wasan da ɗalibi ya yi, da ma akwai ƙananan alamomin ƙarfe da ake maƙalawa a jikin harafin, kowane wasa da tasa.

Wahalar da ta rage ta kuɗi ce da ta yawan mutane. Ƙaramar makaranta a karkara tana iya samun ɗalibi ɗaya tak mai keken guragu, ko uku masu naƙasar fahimta da ba za su cika ƙungiya ba. Koci na son albashi, motar da za ta ɗauki keke tana da tsada, makarantar da za a kara da ita tana da nisa. Takardar 2013 ta ba da shawarar makarantun yanki ɗaya su haɗa ɗalibansu su tayar da ƙungiya guda, kuma a haɗa maza da mata idan adadi ya gaza. Haka ake yi a Minnesota, inda za ka tarar da ƙungiya ɗaya ta tattaro 'yan wasa daga makarantu da dama na yanki guda.