Abin da saukar da mota ƙasa ke yi wa shaf da robarsa

Masu mota da yawa suna rage tsayinta daga ƙasa saboda kyan gani, wasu kuma saboda suna son ta ƙara kama hanya a kwana. Ana yin haka ta hanyar sa gajerun sifirin, ko sa shokazoba mai zare wadda ake iya ɗagawa da saukewa, wasu kuma sukan yanke sifirin ɗin asali kawai. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne, inji da giya suna sauka tare da jikin motar, alhali tsakiyar taya tana nan inda take. Shaf shi ne ƙarfen da ya haɗa waɗannan wurare biyu, don haka duk saukar da aka yi, shi ne yake ɗaukar bambancin.

A motar da tayoyin gaba ke ja, kowane shaf yana da kai biyu. Kan waje, wanda ke jikin taya, yawanci irin wanda injiniya Alfred Rzeppa na kamfanin Ford ya ƙirƙira ne a shekarun 1920, mai ƙwallayen ƙarfe shida da ke gudu cikin kwaruruka, kuma yana iya lanƙwasawa har wajen digiri 45 domin taya ta juya da sitiyari tana kuma ja. Kan ciki, wanda ke jikin giya, bai kai haka lanƙwasa ba. Aikinsa shi ne ya shige ya fito, domin tsawon shaf ya daidaita yayin da taya ke hawa da sauka. Kowane kai cike yake da giris, an rufe shi da roba mai ninki-ninki wadda aka ɗaure da zoben ƙarfe a bakinta biyu.

Kamfanin da ya ƙera motar ya auna komai ne bisa tsayin da ya ba ta. A motoci da yawa, shaf yakan ɗan gangara daga giya zuwa taya, shi ya sa saukarwa kaɗan, irin ta milimita 25 zuwa 35 da akasarin sifirin ɗin kasuwa ke yi, ba ta cika jawo ɓarna nan take ba, domin tana matsar da shaf ne kusa da kwanciya daidai. Matsalar tana farawa ne idan aka wuce nan, shaf ya koma yana hawa sama zuwa taya. Daga wannan lokaci, ko a kan miƙaƙƙiyar hanya mai santsi, kawunan suna aiki ne a lanƙwashe, kamar gwiwar mutumin da aka hana shi miƙewa tsaye.

Robar ce take fara nuna gajiya. Idan kai ya lanƙwashe, ninkin robar yakan matse a ɓangare ɗaya ya buɗe a ɗayan, kuma tun da shaf juyawa yake yi, kowane ninki yana matsewa ya buɗe sau ɗaya a kowane zagaye. A gudun kilomita 100 a awa, tayar ƙaramar mota tana zagayawa fiye da sau 800 a minti. Ninkin da ke gugar juna a irin wannan gudu yakan yi zafi, ya sile, daga baya ya tsage a cikin kwarin ninkin, inda ido ba ya saurin kaiwa. Tsohuwar roba ta fi shiga hatsari, domin ta riga ta bushe ta saba da matsayinta na da, kuma ba ta da sauran laushin da za ta karɓi sabon matsayi.

Da zarar robar ta tsage, juyawar shaf takan watso giris waje, ƙura da yashi da ruwa su shiga. Giris ɗin da ya gauraya da yashi ba ya ƙara kare ƙarfe, cinye shi yake yi. Direba ba ya jin komai a wannan mataki, kuma a ganina nan ne asarar take, domin gyaran da zai tsaya a kan roba da giris yakan koma sauya shaf gaba ɗaya.

Ko da robar ba ta tsage ba, kawunan suna shan wahala. Yawan lanƙwasa yana ƙara tafiyar da ƙwallayen ke yi cikin kwarurukansu, wanda ke ƙara zafi da goguwa. Kan ciki kuma yana iya zama a kusa da ƙarshen iyakarsa, ta yadda idan taya ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu zai daki ƙarshen gidansa, bugun ya wuce zuwa boris da robar da ke tare man giya. A motar da aka saukar sosai, shaf ɗin kansa yakan taɓa shasi, ya bar shaidar ƙarfe mai sheƙi a jikinsa.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Ƙarar ƙas-ƙas idan an murza sitiyari ana tafiya a hankali, kan waje ne. Girgiza da ke zuwa idan an taka totur ta kuma lafa idan an ɗaga ƙafa, yawanci kan ciki ne. Baƙin giris da ya fantsama a cikin wili ko a jikin shokazoba kuwa, roba ce ta buɗe.

Wanda ya ƙudura zai saukar da motarsa, ya tsaya a kan matsakaici, ya kuma guji yanke sifirin, domin yankakken sifirin ba ya zama daidai a mazauninsa kuma ba a iya sanin inda tsayin zai tsaya. Ya sa makanike ya duba robobin kafin aikin, a sauya duk wadda ta fara tsattsagewa, a kuma duba robobin da ke riƙe da inji, domin idan sun lotsa inji yana ƙara sauka, kusurwar ta ƙara lalacewa. Bayan aikin dole ne a sake daidaita tayoyi, tun da saukarwa tana karkatar da saman taya ciki. Dubawar da ta fi amfani ita ce wadda ake yi motar tana tsaye a kan tayoyinta, a kan rami ko gadon ɗaga mota mai faɗi, domin idan an ɗaga ta da jak tayoyin suna reto, ninkin robar yakan saki, ba za a ga inda yake gugar juna ba. Idan an ga yana guga, wasu makanikai sukan kwance ƙaramin zoben su ɗan matsar da bakin robar a kan shaf domin ninkin ya sami sarari, amma idan aka ja ta fiye da kima za ta yage ta wani wurin. Daga nan sai a mai da duba robobin kawunan shaf ɗin nan huɗu al'ada a duk lokacin da aka je juyen mai.