Kuɗin gyaran fursuna ba asara ba ne

An daɗe ana cewa kashe kuɗin gwamnati wajen koya wa fursuna sana'a shagwaɓa ɓarawo ne. Ai kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya ma jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Yaron da ya saci kaza yakan kwana ɗaki ɗaya da gogaggun 'yan fashi, ya fito ba sana'a, ba mai ɗaukarsa aiki, sai miyagun abokai. Unguwarsu kuwa zai dawo. Shi ya sa dokar gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin yi wa al'umma aiki maimakon ɗauri, musamman ga masu ƙananan laifuka.