Waiwaye: Yadda Shekarar Ɗakin Gwaji Ta Shiga Digirin Kimiyyar Lafiya a Birtaniya

Duk wanda ya duba jerin kwasa-kwasan jami'o'in Ingila zai tarar cewa digirin kimiyyar lafiya, wato nazarin jikin ɗan Adam da cututtuka da hanyoyin gano su a ɗakin gwaji, iri biyu ne: akwai na shekara uku, akwai kuma na shekara huɗu. Shekarar da ta ƙaru a kan na farkon, a wajen aji ake yin ta. Idan ɗalibi ya kammala shekararsa ta biyu, sai ya bar jami'a ya tafi kamfanin haɗa magunguna, ko cibiyar bincike, ko ɗakin gwajin asibiti, ya yi aiki na kusan shekara guda, sannan ya dawo ya ƙarasa karatunsa. Turawan suna kiran wannan tsari digirin sanwic, domin shekarar aikin tana tsakiya kamar nama a tsakanin yanka biyu na burodi. A Najeriya an fi sanin kalmar da karatun da malaman makaranta suke yi a lokacin dogon hutu, amma wannan wani abu ne dabam. Tsarin na Ingila daga tushe biyu ya fito, kuma har yau ba su gama haɗuwa ba, abin da ya sa ɗalibai da yawa suke rikicewa wajen zaɓe.

Tushe na farko ba shi da alaƙa da asibiti ko kaɗan, domin a wajen injiniyoyi ya samo asali. Kwalejin fasaha ta Sunderland, garin da ya yi suna wajen ƙera jiragen ruwa, an buɗe ta a 1901, kuma tana cikin na farko a Ingila da suka bar yaran masana'antu su riƙa raba shekara tsakanin aji da wurin aiki. A Amurka ma, Herman Schneider ya kafa irin wannan tsari a Jami'ar Cincinnati a 1906. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin Birtaniya suka damu da ƙarancin ƙwararrun masu fasaha, saboda haka a 1956 gwamnati ta fitar da takardar manufa a kan ilimin fasaha, wadda ta kai ga ɗaukaka kwalejoji goma zuwa matsayin manyan kwalejojin fasaha, kuma tura ɗalibai masana'antu ya zama ginshiƙin karatunsu. Rahoton kwamitin Robbins na 1963 a kan ilimi mai zurfi ya ba da shawarar a mayar da su jami'o'i, aka kuwa yi hakan a 1966 da 1967. Daga nan ne jami'o'in Bath da Surrey da Aston da Brunel da Loughborough suka fito, kuma ba mamaki ba ne cewa har yanzu su ne aka fi sani da wannan al'ada. A wancan lokaci akwai sanwic siriri, inda ake yin wata shida a aji wata shida a masana'anta ana maimaitawa, akwai kuma mai kauri, wato shekara guda cur a tsakiya. Mai kaurin ne ya fi ɗorewa. Tsofaffin jami'o'i sun daɗe suna yi wa tsarin kallon abin 'yan kwalejin sana'a, sai daga baya suka rungume shi.

Tushe na biyu shi ne ma'aikatan ɗakin gwajin asibiti. A farkon ƙarni na 20, likita shi ne mai gano cuta, sauran kuwa yaran ɗaki ne da suke shiga aikin tun suna matasa, suna wanke kwalabe, suna dafa abincin da ake rainon ƙwayoyin cuta a kansa, suna rina samfurin nama a kan gilashi domin a duba a madubin likita. Ba su da takardar shaida, ba su da tsani na ƙarin girma. A 1912 suka kafa ƙungiyarsu a Liverpool, wadda bayan ta sauya suna sau da dama ta zama Cibiyar Kimiyyar Lafiya, wadda ake taƙaita sunanta da IBMS, a 1994. Kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a 1948 ya ƙara yawan gwaje-gwaje ƙwarai, sannan dokar 1960 ta kawo rajistar gwamnati ga masu wannan aiki. Shekaru da dama hanyar koyo ita ce a yi aiki da rana a tafi makarantar dare, ko a ba mutum kwana guda a mako ya je kwaleji. Sannu a hankali digiri ya zama ƙofar shiga, sai al'amarin ya juya: da can hannu ne yake fara koyo kai ya biyo baya, yanzu kuwa ɗalibi yana iya sanin sunan kowane sinadari alhali bai taɓa yin gwaji shi kaɗai ba.

Wannan giɓi ne shekarar aikin take ƙoƙarin cikewa, kuma wanda ya taɓa ganin darasin gwaji na jami'a zai gane dalili. Ana shiga na 'yan sa'o'i, an riga an haɗa sinadarai an jera su, an rubuta matakai ɗaya bayan ɗaya, kuma malami ya san sakamakon tun kafin a fara. A ɗakin bincike na gaske babu wanda ya san sakamakon. Ɗalibar da aka damƙa wa rainon ƙwayoyin halittar jiki za ta koyi cewa sai an ajiye su a zafin digiri 37, daidai da zafin jikin mutum, kuma sai an sauya musu ruwan abinci a kan kari ko da ranar ta faɗo a ƙarshen mako. Wata safiya za ta ɗauko kwalbar ta ga ruwan da ya kamata ya kasance ja garau ya gurɓace ya koma rawaya, alamar ƙwayoyin bakteriya sun shiga, aikin makonni ya tafi kenan. Za ta koyi rubuta kowane mataki a littafin gwaji da kwanan wata, da yi wa kowace 'yar kwalba alama kafin ta shiga firijin da sanyinsa ya kai digiri 80 ƙasa da sifili. Gwajin PCR, wato hanyar ninka ɗan guntun ƙwayar gado (DNA) har ya yi yawan da za a iya bincika shi, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1993, shafi biyu ne a littafin karatu, amma kafin hannu ya faɗa da shi sai ya ƙi yi sau da yawa ba tare da an ga dalili a fili ba. A ganina, wannan sabo da gazawar gwaji shi ne babban abin da ɗalibi yake dawowa da shi, ya fi duk abin da zai rubuta a takardar neman aiki.

Sai dai a nan ne tushen biyu suke rabuwa. A Birtaniya doka ta kare sunan masanin kimiyyar lafiya na asibiti, babu mai amfani da shi sai wanda ya yi rajista da hukumar HCPC mai yi wa ma'aikatan lafiya rajista, wadda ta samu wannan suna a 2012. Hanyar da aka saba bi ita ce digirin da IBMS ta amince da shi, da kuma kundin horo da ake cikewa a ɗakin gwajin da aka yarda da shi, har a ba mutum takardar shaidar ƙwarewa. Ɗalibin da ya yi shekararsa a kamfanin magunguna na GSK da ke Stevenage, ko na AstraZeneca a Cambridge, ko Cibiyar Francis Crick da aka buɗe a Landan a 2016, ya samu horon bincike mai daraja wanda zai taimake shi neman digirin digirgir, amma wannan bai ba shi izinin duba jinin majiyyaci a asibiti ba. Ba kowane digiri mai wannan suna ne ma IBMS ta amince da shi ba, har da na wasu manyan jami'o'in da suka fi karkata ga bincike.

Batun kuɗi ya ƙara wa tsarin nauyi. An fara biyan kuɗin jami'a a 1998 da fam 1,000 a shekara, ya kai 3,000 a 2006, sannan 9,000 a Ingila a 2012. A wannan shekarar ce rahoton Tim Wilson a kan haɗin gwiwar jami'o'i da kamfanoni ya nuna damuwa da raguwar masu yin sanwic, ya kuma nemi a farfaɗo da shi. Daga baya aka ƙayyade cewa kuɗin shekarar aiki ga ɗan ƙasa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na cikakken kuɗi, wato fam 1,850 a lokacin da cikakken yake 9,250. Kamfanoni sukan biya albashi, amma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta tilasta biyan ɗalibin da aikin yake cikin kwas ɗinsa ba matuƙar bai wuce shekara guda ba, shi ya sa guraben asibitoci da na ɗakunan binciken jami'o'i da yawa ba su da ko sisi. Ɗan masu hali zai iya karɓar irin wannan gurbi a Landan, ɗan talaka kuwa sai ya yi lissafin haya tukuna. Gurbin ma ba a raba shi kyauta, ɗalibi ne zai nema ya yi jarrabawar baki kamar mai neman aiki, wanda bai samu ba ya koma tsarin shekara uku. Masu son yin shekarar a wasu ƙasashen Turai sun dogara da shirin musayar ɗalibai na Erasmus har Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, aka kawo shirin Turing a madadinsa a 2021.

Ga ɗaliban Najeriya tunanin ba baƙo ba ne, tun da asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ya fara shirin SIWES na tura ɗalibai wuraren aiki a 1973, kuma digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a gida shekara biyar ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin kulawar majalisar masu wannan sana'a, wadda dokar 2003 ta kafa. Bambancin shi ne, a Najeriya horon asibitin yana cikin hanyar dole, a Ingila kuwa zaɓi ne, kuma sunan kwas ɗin kaɗai ba ya nuna inda zai kai mutum. Bizar ɗalibi ta Birtaniya tana ba da damar yin shekarar aikin idan tana cikin kwas ɗin kuma ana tantance ta, muddin ba ta wuce rabin tsawon karatun digirin ba. Ƙa'idar nan ta kada kuɗin shekarar aiki ya wuce kashi 20 kuwa ta 'yan ƙasa ce, kuɗin da baƙo zai biya a shekarar kowace jami'a ce take yanke nata.