Nazarin taurari ta hanyar adabin yaƙi

Nazarin taurari, wato mutanen da ke cikin labari, ta hanyar adabin yaƙi dabara ce ta koyar da adabi a makarantun sakandare da jami'o'i. Ana amfani da ƙagaggun labarai da rubutattun waƙoƙin da jigonsu yaƙi ne, domin ɗalibi ya iya gano halin tauraro daga maganarsa, da aikinsa, da abin da sauran taurari ke faɗa a kansa. Malamai kan zaɓi wannan adabi saboda a fagen fama hali ba ya ɓuya: dole tauraro ya zaɓa tsakanin bin umarni da jin ƙai, ko tsakanin tsira da ransa da tsaya wa abokinsa.

A ƙagaggen labari

Hanyar da ta fi amfani ita ce a ajiye taurari biyu masu bambancin gini a kwatanta su. A adabin Hausa akwai Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutu da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Gandoki mayaƙin Kwantagora ne na zamanin zuwan Turawa, kuma shi ke ba da labarin kansa, cike da kirari. Wannan ya sa littafin ya dace da darasi na farko, wato a bambanta abin da tauraro ke cewa game da kansa da abin da labarin ya nuna ya yi.

A ɗaya gefen akwai Paul Bäumer, matashin sojan Jamus a littafin Erich Maria Remarque na 1929 kan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi ma da bakinsa yake ba da labari, amma babu kirari ko kaɗan. Malaminsu ne ya zuga shi da 'yan ajinsu su shiga soja, yaƙin kuma ya riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya. Wurin da aka fi nazarta shi ne inda ya soki wani sojan Faransa a cikin ramin da bam ya haƙa, ya rasa hanyar fita, ya zauna da shi har ya cika, sannan ya duba aljihunsa ya ga hotunan iyalinsa. Daga wannan fitowa kaɗai ɗalibi zai iya fitar da tsoro da nadama da tausayi, ba tare da marubucin ya jero masa su ba. Mene, yaron mota a Sozaboy na Ken Saro-Wiwa, labarin yaƙin basasar Nijeriya wanda ya fito a 1985, yana koyar da wani abu dabam: gurɓataccen Ingilishin da yake yi shi ne shaidar rashin sanin abin da ya shiga.

A waƙa

Waƙa ba ta da filin bin tauraro daga ƙuruciya zuwa tsufa, don haka muryar mai magana ce ake nazari. Wa ke magana, da wa yake yi, daga ina? Wilfred Owen, mawaƙi kuma sojan Ingila da aka kashe ranar 4 ga Nuwamba 1918, mako guda kafin a tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi rubutu da muryar wanda ya ga abin da idonsa. Sa'adu Zungur kuwa, a Maraba da Soja, ya tsaya a matsayin mai tarbar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar duk wani "ni" na cikin baiti a matsayin mawaƙin kansa.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce saurin yanke hukunci, a ce wannan jarumi ne, wancan matsoraci, shi ke nan. Abin ya fi tsanani a rubuce-rubucen yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, inda ɗalibi kan auna tauraro da ɓangaren da ya fito. Shi ya sa ake buƙatar kowace siffa da ɗalibi ya ba tauraro ya kawo mata hujja daga shafi ko baiti.