Kamfanin lema: wa take yi wa inuwa?

Tun da ministar kuɗin Birtaniya, Rachel Reeves, ta gabatar da kasafin kuɗi ranar 30 ga Oktoba 2024, inda ta sanar da gyara kan harajin irin waɗannan kamfanoni, kalmar "umbrella company" ta hana 'yan uwanmu mazauna Ingila sakat, musamman ma'aikatan jinya da masu aikin kwamfuta da ke samun aiki ta hannun ejensi. Mu mukan ce kamfanin lema, kuma fassarar ba ta da laifi. Masu bayanin ne ke ba ni haushi. Na ji wani yana sharhi da ƙarfin gwiwa wai uwar kamfani ce mai rassa a ƙarƙashinta, kamar yadda ake cewa uwar ƙungiya. Wani ya ce gwamnati za ta haramta su. Duk ba haka ba ne.

Kamfanin lema ba ya nema maka aiki, ba ya ba ka aiki, bai ma san fuskarka ba. Asibiti na neman ma'aikaciyar jinya ta wata uku. Ejensi ta samo ta. Amma asibitin ba ya son a ce shi ne ubangidanta, ejensin ma haka. Sai a kawo na uku ya ɗauke ta aiki a kan takarda, ya karɓi kuɗin daga ejensi, ya cire haraji ya miƙa wa hukumar harajin ƙasar, HMRC, ya tura mata ragowar. Shi ke nan sana'arsa. Irin waɗannan ma'aikata ake kira 'yan kwantiragi a can, kada ka kawo ɗan kwangilar titi a ranka.

Ni inda nake tsayawa shi ne kan sunan. Kalmar Turancin daga Italiyanci ta fito, ombrello, tushenta kuwa ombra, wato inuwa. Tamu lemar ko laimar daga Larabci muka aro, alkhaima, tanti. Duk dai batun inuwa ne. To, duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ya san lema mutum biyu gare ta. Akwai sarki da ke ƙarƙashinta bisa doki, akwai bawan Allah da ke ƙasa yana riƙe da sandarta, yana jujjuya ta, gumi na zuba. Dukansu suna tare da lema, amma ɗaya kaɗai ke shan inuwa. Masu tallar kamfanonin nan kan nuna maka kai ne sarkin: ga kuɗin hutu, ga kuɗin jinya, ga fansho. Ni kuwa a ganina ejensi da asibiti ne bisa dokin.

Ga dalili. Kwanaki ƙanwar wani abokina ta turo mini takardar albashinta, ta ce, "Yaya, don Allah duba mini, kamar ana cutata." Ba a cuce ta ba a wajen doka, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Mu ƙaddara ejensi ta ce kuɗin aikin fam 1,000 ne a mako. Wannan ba albashinki ba ne, kuɗin da za a bai wa lema ne. Lema za ta fara cire ladarta, a ce fam 25. Sannan ta cire kason inshorar ƙasa da doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata, wanda ya tashi daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Afrilun 2025, aka kuma sauko da inda yake fara aiki daga fam 9,100 zuwa fam 5,000 a shekara. Wajen fam 114 ke nan. Sai rabin kashi ɗaya na harajin koyon sana'a. Abin da ya rage, kimanin fam 857, shi ne albashi, kuma daga nan za a fara cire naki harajin da taki inshorar. Ki tashi da fam 685 ko kusa, tun ba a taɓa fansho ba. Ranar da aka ƙara wa "masu ɗaukar ma'aikata" haraji, ke aka ƙara wa, sai fa in ejensi ta ɗaga farashin.

Yadda aka yi lema ta yi yawa, gajeren labari ne. A da, ƙwararru kan buɗe ɗan kamfaninsu su riƙa karɓar kuɗi ta nan, haraji ya yi sauƙi. Dokar IR35 ta zo a 2000 don toshe wannan. A 2017 aka ɗora wa ma'aikatun gwamnati alhakin tantance wa ya faɗa ƙarƙashinta, a 2021 aka haɗa da matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu. Da yawa suka ce ba za su ɗauki ciwon kai ba, kowa ya bi ta lema. Gwamnati ta ƙiyasta mutum wajen 700,000 ne ke aiki ta wannan hanya.

Kasuwa ta buɗe, 'yan damfara suka shigo. Su ne masu cewa za ka tafi gida da kashi 85 ko 90 na kuɗinka. Dabararsu ita ce su biya ka ɗan albashi kaɗan, sauran su kira shi rance. Kamfanin ya rufe, ya sake suna, HMRC ta biyo ka da takardar bashi bayan shekaru. Waɗanda harajin da aka ɗora kan irin wannan rance a 2019 ya rutsa da su sun ɗanɗana kuɗarsu.

Gyaran da ake ta magana a kai, wanda aka tsara ya fara ranar 6 ga Afrilu 2026, bai rufe ko kamfani ɗaya ba, bai kuma sauya lissafin da na yi a sama da ko fam ɗaya ba. Abin da ya ce shi ne: in lema ta ci harajin da ya kamata ta biya, HMRC na iya bin ejensin da ta ƙulla yarjejeniya da wurin aikin ta karɓi kuɗin gaba ɗaya, in babu ejensi a tsakani kuma ta bi wurin aikin kansa. An jawo mai doki cikin rana ke nan, kuma na ji daɗin hakan, don a da ejensi kan tura mutum wurin duk wanda ya ba ta la'ada, in ta fashe ta ce ba ruwanta.

Abin da zai taɓa ma'aikaci shi ne zaɓi. Ejensin da ta san za a kama ta da laifin wani za ta taƙaita sunayen lemomin da ta yarda da su, ƙananan kamfanoni su sha wuya, wasu ejensin ma su gwammace su biya albashin da kansu. Ƙanwar abokin nan nawa an riga an aiko mata da sunaye uku, an ce ta zaɓi ɗaya kafin ƙarshen wata, kuma wanda ta yi shekara biyu tana tare da shi ba ya ciki.