Bautar ƙasa da aikin al'umma: ga amsoshin, a daina maimaita mini tambaya

Duk shekara in ɗalibanmu sun kusa kammala karatu, tambayoyin nan dai su ne ke dawowa.

Dole ne sai na yi bautar ƙasa?

Eh, in ka gama digiri ko HND ba ka haura shekara 30 ba. Wanda ya haura, takardar yafewa ake ba shi. Tun 1973 Janar Yakubu Gowon ya kafa NYSC, wato shirin bautar ƙasa, bayan yaƙin basasa, ba da kai aka fara ba.

Nawa ne alawus?

Naira 77,000 a wata tun 2025. Da 33,000 ne. Abin da ke damuna, wannan kuke fara tambaya kullum.

Mene ne CDS?

Rana ɗaya a mako da za ka bar wurin aikinka ka yi wa garin da ya karɓe ka hidima: tsaftar muhalli, wayar da kai kan lafiya, koyar da manya karatu.

Wani zai iya sa mini hannu a rajistar CDS in ban je ba?

Haba ƙanena! Mutanen da suka ba ka ɗaki, suke gaishe ka kowace safiya, rana ɗayar ma za ka hana su? Fashi kuma yana iya jawo maka ƙarin wa'adi.

Ina so in yi aiki na ƙashin kaina, kamar rijiyar burtsatse. Ta ina zan fara?

To, wannan ya danganta. Da farko kada ka zo da aikinka a aljihu. Gai da dagaci ko mai unguwa, ka zauna da hedimasta, ka saurari matan da ke ɗebo ruwa. Wataƙila ruwan suke so, wataƙila kuma rufin aji ne da iska ta yaye tun bara. Sannan ka rubuta neman izini ta hannun jami'in NYSC na ƙaramar hukuma, kada ka aza bulo ko ɗaya sai an amince. Kuɗi kuwa daga jama'ar gari da masu hali ake tattaro shi, ba daga alawus ɗinka ba, kuma kowace naira ka rubuta ta.

Burtsatsen kanta ina ɗari-ɗari da ita. Na ga wadda aka yi wa bikin buɗewa, ga allo da sunan kofa, wato mai bautar ƙasar, ɓaro-ɓaro. Kafin damina ta zagayo famfon ya lalace, awaki ke kwana a gindinta. In akwai kwamitin da zai riƙa karɓar ɗan wani abu kan kowace jarka don gyara, bismillah. In babu, koya wa 'yan ajin ƙarshe lissafi kafin WAEC zai fi amfani, ko da ba a sa maka allo ba. Ka kuma tuna sansanin horo ya riga ya ci mako uku cikin shekarar.

An tura ni inda ban san kowa ba.

Kwantar da hankalinka. Musulmi ya nemi masaukin MCAN, ƙungiyar Musulmi masu bautar ƙasa, Kirista ya nemi NCCF, takwararta ta Kiristoci, za su sauke ka har ka samu ɗaki. Matar aure ko mai rashin lafiya na iya neman sauyin jiha, amma da takardun gaskiya.