Gonar da ta gaji ba ta biyan bashin kaka ɗaya

Manoma da 'yan kasuwar Kebbi, assalamu alaikum. Ni malamin gona ne, kuma duk ƙauyen da na shiga tsakanin Argungu da Suru kukan ɗaya ne: "Malam, gona ta gaji. Buhu biyu na taki bana bai yi aikin da buhu ɗaya yake yi a da ba."

Maganin kuwa kakanninmu sun san shi. A daina banka wa kara wuta bayan girbi, a bar shi ya ruɓe a gona. A riƙa juya shuka, inda gero ko dawa suka zauna bana a sa wake ko gyaɗa baɗi, domin saiwarsu na ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƙuduji ma yana raguwa. Shanu su kwana a gona da rani. Sannan, don Allah, a ƙyale gawo. Itace ne mai abin mamaki, da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Maƙwabtanmu na Maraɗi tun shekarun 1980 suka koma renon tohon kututture a gonakinsu, filayen da suka zama fako suka sake yin itatuwa.

Sai dai wannan gyara ba ya nuna kansa nan take. Sai an ci damina biyu ko uku. Shirin Anchor Borrowers, wato bashin noma na Babban Bankin Najeriya, da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015 ya ɗaga noman shinkafa, ba musu, amma tsarinsa a lokacin shi ne a karɓi iri da taki a biya bayan girbi. Wanda ke da bashi a wuya ba zai saurari zancen ruɓewar kara ba. In kuma ruwa ya yi gyara irin na 2020, to sai dai haƙuri.

Jari mai jira muke buƙata. A Amurka akwai wani yunƙuri da ake kira Slow Money, inda mutanen gari ke haɗa kuɗi su zuba a ƙananan gonaki da sana'o'in abinci na yankinsu, su haƙura da riba kaɗan a tsawon shekaru. Mu ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Muna da adashi, muna da mudaraba: mai kuɗi ya kawo jari, mai ƙarfi ya yi aiki, a raba riba, hasara kuma ta hau jari matuƙar ba sakaci aka yi ba. Me zai hana 'yan kasuwa goma a Jega ko dillalan albasa na Aliero su ɗauki ƙungiyar manoma ɗaya na shekara uku? Su haɗa da matan da ke turara shinkafa da masu matsar man gyaɗa, tunda dusa da harawa dabba za ta ci, kashinta ya koma gona.

Ku manoma, mai kuɗi ba ya zuba jari a duhu. Ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku ajiye littafin abin da kuka kashe da buhunan da kuka samu. Yarjejeniya a rubuta ta gaban shaidu, a faɗi shekarun, a faɗi wanda zai ɗauki hasara in an yi ambaliya ko fari. Kada ku jinginar da gonar gado. Duk wanda ya zo da sunan masu zuba jari ya fara da neman kuɗin fom, ku turo shi ofishin gona na ƙaramar hukuma mu fara ganin takardunsa.